Basiru da Mikiyoyin Kogin Tomas

Basiru taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, saboda haka ina da ikon zaginsa, kuma yau sai na yi. Masunci ne a kogin Tomas, can wajen Ɗambatta, amma rabin rayuwarsa ya ƙare yana ɗaga kai sama, har wuyansa ya ƙaru da kamu guda. Abin kallon nasa wasu mikiyoyi ne biyu masu farin kai, masu cin kifi, da suka yi sheƙa a kan wani tsohon maɗaci a bakin ruwa. Duk yankin babu sauran doguwar bishiya sai shi, masu gawayi sun share komai.

Da ya ji za a sayar da gonar da maɗacin yake ciki, sai ya kaɗar da babur ɗinsa ya saye ta. Ya kewaye ta da ƙaya, ya hana mafarauta da masu danƙo leƙowa.

Na ce, "Ranka ya daɗe Sarkin Gandun Daji, yaushe giwaye za su iso?"

Ya ce, "Ai ga jaki ya riga su."

Amma wawan bai ambaci bishiya a gaban shaidu ba. Ko jaririn garinmu ya san gona daban, itacen cikinta daban. Maɗacin gadon Inna Hure ne, ƙanwar mai gonar, kuma ɗanta Mudassir ya daɗe yana auna shi da ido.

Ranar kasuwa Basiru ya kai kifi. Kafin ya dawo injin yanka ya gama aikinsa a kan maɗacin. Ni na fara zuwa, na tarar Mudassir yana lodin itacen, sheƙar a warwatse, ɗan mikiya a mace a ƙasa.

Na ce, "Kai Mudassir, ba ka tsoron Allah?"

Ya ce, "Itacen uwata ne. Basiru ya duba, ko karan dawarsa ɗaya ban karya ba."

Mai unguwa ma ya ce haka al'ada take. Abin da ya fi ƙona min rai, Inna Hure da bakinta ta ce min da a ce Basiru ya zo mata da goro tun farko, da kyauta za ta bar masa.

Mikiyoyin sun yi ta shawagi suna kuka, daga baya suka bi kogi suka tafi. Yanzu Basiru ya dasa maɗatai a bakin ruwa, yana shayar da su kafin ya shiga kwalekwale. Tsawonsu bai kai gwiwata ba, shi kuwa yana gab da sittin.