Mai Auduga da Ƙetaren Gada

Mai Auduga ake ce mata, domin duk inda ta zauna sai ta bar ɓurɓushin auduga, a kan kujera, a jikin labule, har a kofin shayin masu gida. Aikinta wankin ciwo ne gida-gida. Da shara ta fara a wani ƙaramin asibiti tun tana budurwa. Wata tsohuwar nas ta lura yarinyar ba ta toshe hanci idan an buɗe gyambo, sai ta ja ta a jiki ta koya mata aikin. Daga baya ta koma wani kamfani mai tura ma'aikata gidajen marasa lafiya. Ta yi aure, mijin ya rasu, Allah bai ba su haihuwa ba. Kullum tana saɓe da jaka mai almakashi da bandeji da safar hannu, ga maganin ciwon gwiwa da take haɗiya kafin ta hau bene.

Bakinta ba shi da taushi. Idan tsoho ya fara raki tun ba ta taɓa shi ba, sai ta ce, "Baba, adana kukan nan, yanzu za ka buƙace shi." Amma hannunta sanyi gare shi, shi ya sa masu jinya suke roƙon a turo musu ita.

Wa ɗaya gare ta, tela ne a wata unguwa ƙetaren gada. Rabonsu da magana tun rasuwar mahaifiyarsu. A hannunta tsohuwar take jinya, amma ranar da jikin ya rikice tana gidan wani da wuta ta ƙona, wayarta a ƙasan jaka, ba ta ji kira ba. Ko da ta dawo an rufe wa tsohuwar fuska. A gaban jama'a wan ya ce, "Kin je kina wanke wa iyayen wasu ƙafa, taki uwar ta cika tana kiran sunanki." Ta haɗiye maganar, maganar kuma ta ƙi wucewa.

Ana nan sai kamfani ya kawo manhaja. Da can takarda ake raba musu da safe, mutum ya wuni yana faman hawa bas daga wannan ƙarshen gari zuwa wancan. Yanzu ayyukan rana duk suna cikin waya, kowanne da unguwarsa. Shugabar sashensu, wata matashiya mai gilashi, ta tara su ta nuna musu.

"Ku danna nan, ku zaɓi unguwannin da ke kusa da ku. Sauran za su ɓace muku, na wasu ne."

"Ina ma haka ake yi wa dangin miji," in ji Mai Auduga. Ɗakin ya ɗauki dariya.

Abin ya yi mata rana. Unguwanni biyu ta zaɓa, duk a ƙafa take zagaye su, gwiwoyinta suka ɗan huta.

Wata safiya wayar ta sabunta kanta, zaɓin da ta yi ya goge, jerin garin gaba ɗaya ya zubo mata. Tana gangarawa da yatsa sai ta ga sunan wanta. Ciwon suga, gyambo a ƙafar dama, wanki kullum. Ta tsaya cak a bakin ƙofa, takalmi ɗaya a ƙafa. Ta san irin wannan ciwon sarai, ta san inda yake kai mutum idan aka yi wasa da shi. Ta daɗe tana kallon sunan. Sannan ta sake zaɓar unguwanninta, sunan ya ɓace. Ta ce a ranta, ai abokin aikinta Dogo ne yake riƙe da ƙetaren gada, kuma Dogo ya iya aiki.

Ba a jima ba Dogo ya samu wani aikin ya tafi. Ta ji labarin a ofis, har ta sa albarka. Ta ɗauka an ba wani unguwar. Dannawa guda ta isa ta tabbatar, wani lokaci a cikin gidan mutane sai ta ga babban yatsanta ya nufi wurin, sai ta cusa wayar a jaka ta buɗe bandeji.

Wata rana da la'asar ta dawo ta tarar da 'yar wanta zaune a kan matakala, idanu sun yi ja.

"Gwaggo, Baba ne. Ƙafar ta fara wari. Tun da dogon mutumin nan ya daina zuwa ba mu sake ganin kowa ba. Na kira ofishinku, kullum sai a ce yana cikin jeri."

"Me ya hana ki zuwa tun farko?"

"Ya ce duk wanda ya kira ki bai yafe masa ba." Yarinyar ta goge hanci da bayan hannu. "Amma shi ya nace a kai sunansa kamfaninku. Akwai wani kamfanin kusa da mu, ya ƙi."

Ɗakin wan ƙarami ne, taga ɗaya, an ture keken ɗinki lungu an ɗora masa kwanuka. Yana kwance, ya naɗe ƙafar da ƙyallen da suka rage daga ɗinkin mutane, ja da kore da mai fure. Ya rame har ta ga kamannin mahaifiyarsu a fuskarsa.

"Wa ya kira ki?" ya ce.

"Ƙafarka, Yaya. Tun daga bakin gada nake jin ta."

Ta durƙusa ta warware ƙyallen. Yatsun sun yi baƙi, baƙin ya hauro idon sawu. Ba ta ko buɗe jakarta ba. Ta ce da yarinyar ta nemo mota.

A ƙasan gwiwa likitoci suka yanke. Ƙafar da yake taka keke da ita ce.

Washegari ta je ofis ta yi ta faɗa har muryarta ta dushe. Shugabar ta buɗe jerin ƙetaren gada, sai ga mutane jere, ba wanda yake riƙe da su, domin kowa unguwarsa kawai yake gani. Wata tsohuwa a cikinsu har ta riga ta rasu. Matashiyar ta cire gilashi ta kifa kai a tebur. Daga baya aka gyara, aikin da ba shi da mai shi ya riƙa fitowa da ja a wayar kowa. Ba wanda ya zargi Mai Auduga da komai. Har haƙuri aka yi ta ba ta, tana karɓa kanta a ƙasa.

Ita ta riƙa wanke masa dungun. Kullum sai ta gama nata, ta hau bas ta ƙetare gada. Bai maimaita maganar da ya yi ranar rasuwar mahaifiyarsu ba, bai kuma janye ta ba. Wata rana tana ɗaure bandeji ta ce, "Yaya, akwai abin da ya kamata ka sani."

"Ɗaure ki tafi," ya ce, yana kallon bango. "Kina da marasa lafiya."

Dungun ya warke tsaf, amma ciwon ƙoda ya biyo baya. Bai ga ƙarshen shekarar ba.

Yarinyar ta dawo gidan gwaggonta da zama. Tana taya ta yanka bandeji da yamma, suna zaune a ƙasa, kowa da nasa tunanin. Rannan, ba gaira ba dalili, ta ɗago kai.

"Gwaggo, da kin san yana cikin jerinku, ai da kin zo, ko?"

Mai Auduga ta ci gaba da naɗe abin da ke hannunta har ya ƙare.

"Miƙo min almakashin can," ta ce.