Bangon da Bappa Bai Gama Ba

Jiya wani mai buga littattafai a Jimeta ya nuna mini sabon bangon tsohon littafin tatsuniyoyin yara. Zanen kwamfuta ne, fuskoki kamar roba. Raina ya ɓaci.

Bappa, ƙanen mahaifina, aka fara ba aikin. Ina tuna shi a zaurensa na unguwar Wuro Hausa, yana lasar bakin fensir, yana zana 'ya'yan 'yan gudun hijirar da ya sauke. Ya ce, "'Yata, yaron da bai ga kansa a bangon littafi ba, ba zai buɗe shi ba."

Ya je kasuwa sayen fenti, bom ya tashi, ya rasu bai gama bangon ba. Yanzu mai buga littattafan ya ce wai zanensa ya tsufa! Babu kunya!

Allah ya isar maka, Bappa, ya haskaka kabarinka.