Akwatin Ƙorafin da Na Daina Buɗewa

Shekara huɗu ke nan ina kiwon wata tsohuwar kwamfuta a ɗakina da ke Makarfi, kuma in za a faɗi gaskiya ta fi akuya wahalar kiwo. Akuya in ta ƙoshi tana kwanciya. Wannan kuwa ba a kashe ta, domin ita ke riƙe da wani ɗan shafi da mutane ke buɗewa a burauzar wayarsu. In an ɗauke wuta batir ya karɓa, in batir ya ƙare shafin ya mutu, in shafin ya mutu wayata ta fara kuka. Na gaji da ita tun ba yau ba, amma abin da ya sa na zauna rubuta wannan ba gajiyar ba ce. Ta hannun wannan shafin ne autar malamina na firamare ta nemi gurbin karatun jinya, kuma abin da ya same ta ni na jawo.

Shafin ba wani abin a zo a gani ba ne. Mutum zai ɗauki hoton takardarsa, ta kammala makaranta ko ta haihuwa, ya sa a ciki, shafin ya daidaita ta, ya rage mata nauyi har ta kai yadda wuraren neman aiki da na neman makaranta ke karɓa. Ba ni na ƙirƙiro manhajar ba. Wasu bayin Allah ne a ƙasashen da ban taɓa takawa ba suka rubuta ta, suka bar rubutun a buɗe, kowa ya ɗauka ya gyara yadda ya ga dama. Na ɗauko, na mayar da maɓallanta Hausa, na cire abubuwan da ke cin data, na ɗora a kwamfutata don kada takardun mutanenmu su riƙa yawo a hannun waɗanda ba mu sani ba. Mutum biyar na ba adireshin. Kafin a gama saran rake a shekarar, masu shagunan cike fom daga Ikara har Kudan sun daina amfani da komai sai shi.

Da farko abin ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na sa lambar wayata a ƙasan shafin, kuma ina da aikina na ofis a Ikara da nake zuwa kullum a kan babur. Sai ya zama ina tsakiyar aiki a kira ni, ina kan hanya a kira ni, na sa hannu a tuwo a kira ni. Wani datarsa ce ta ƙare, ya ce shafina ya lalace. Wani ya goge hotunan bikin ƙanwarsa da hannunsa, ya ce in duba ko suna wurina. Akwai wanda ya kira daga Dandamisa, muka yi gaisuwa har kunnena ya yi zafi, sannan ya ce dama so yake ya ji ko da gaske mutum ne ke bayan abin.

Ranar da tura ta kai bango, na cire lambar. A cikin manhajar akwai wani akwatin aika saƙo da masu ita suka tanada, wanda ban taɓa kunnawa ba. Na kunna shi, na rubuta masa suna “Akwatin Ƙorafi”. Sannan na yi saƙon murya a zauren waya da muke da shi da masu amfani da shafin, kuma na yi shi da zafi. Na ce daga yau kada wanda ya sake kirana, kada a tare ni a hanya, kada a biyo ni gida. Mai matsala ya rubuta a akwati, zan gani, zan gyara in na samu lokaci. Har na ce ko ubana ne ya bi layi. Matata da ta ji ta ce wannan ba sanarwa ba ce, faɗa ne. Na ce a bar shi a haka.

Mutane suka bi doka, wayata ta huta. Akwatin kuma ya fara cika, amma da me? Na buɗe na farko: “Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ya iyali, ya aiki, ya haƙuri da jama’a. Allah ya saka maka da alheri bisa wannan ƙoƙari, Allah ya ƙara basira, ya jiƙan magabata.” Na buɗe na biyu, haka. Na goma, haka. Wasu ma ba sa ƙarasa addu’ar, sai su tsaya a tsakiyar kalma, na ce ai hanyar sadarwar ƙauyukanmu ce, ka aika saƙo rabi ya je rabi ya kwana a hanya.

Na yi dariya a makon farko, a na biyu haushi ya kama ni. Na ce wa matata mutanenmu sai Allah, ka gina musu asibiti su yi layi don gaida likita. Da na ga babu mai kawo ƙorafi, na ƙudurta a raina cewa shafin lafiyarsa ƙalau, dama can surutu ne kawai ake so. Na koma buɗe akwatin sau ɗaya a mako, ina duba sunayen masu aikowa in rufe. Daga baya ko sunayen na daina dubawa.

Kafin in daina, na ga saƙo uku a mako guda daga malamina na firamare. Dattijo ne, ya yi ritaya ya koma gonarsa a Gazara. Shi ya koya mini lissafi, shi ne kuma ya je ya zauna da mahaifina lokacin da aka so in tsaya a aji shida in kama noma. Saƙonninsa sun fi na kowa tsari, da aya da waƙafi, gaisuwa irin ta mutanen da suka saba rubuta wasiƙa. Har na nuna wa matata ina jin daɗi, na ce ga Malam da kansa yana sa mini albarka sau uku.

A makon ne muka haɗu ranar kasuwar Makarfi, wajen masu mazarƙwaila. Na durƙusa na gaishe shi. Ya riƙe hannuna bai saki ba.

“Injiniya,” ya ce, don haka yake tsokanata tun da na fara taɓa kwamfuta. “Autata ce ke neman makarantar jinya. Da shafinka muke yi mata takardu, ni da kaina nake yi.”

“Masha Allah, Malam. Allah ya ba da sa’a.”

“Amin. Ka ga saƙona?”

“Na gani, Allah ya gafarta Malam, duk ukun na gani. Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci.”

Ya ɗan dube ni, kamar zai ƙara magana. Sai ya ce, “To, madalla. Tunda ka gani, shi ke nan.” Ya saki hannuna. Na saya masa mazarƙwaila na rataya a kekensa, na tafi ina jin na kyauta.

Sai bayan kusan wata biyu wani mai shagon cike fom a Kudan ya karya dokata. Ya hau mota ya same ni a ofis a Ikara. Muka gaisa, ya nemi gafarar zuwan da ya yi, sannan ya ce, “Yallaɓai, ni dai sau nawa zan rubuta? Duk takardar da ta cika tsawo shafin nan yanke mata gindi yake yi. Shaidar ƙaramar hukuma ba ta fita da hatimi, ba ta fita da sa hannu.”

Na ce, “Kai dai gaisuwa ka aiko, kamar kowa.”

Ya ce, “Gaisuwa kuma? To ai da ita ake farawa. Zan faɗo maka da ƙorafi ne ba sallama?”

Na ce ya ɗauko wayarsa ya rubuta mini yanzu, yadda ya saba. Ya zauna ya rubuta, ya daɗe yana rubutawa, ya aika. Na buɗe akwatin a gabansa. Sallama ta iso, tambayar iyali ta iso, addu’a ta iso rabi. Maganar takarda ko kalma ɗaya babu.

Da na koma gida na buɗe rubutun manhajar, ban yi minti biyar ba na ga wurin. Akwatin yana barin mutum ya rubuta iya son ransa, amma haruffa ɗari uku na farko kawai yake adanawa, sauran ya zubar, ba ya gaya wa kowa. Waɗanda suka rubuta ta ba su yi laifi ba. A wurinsu mutum layi ɗaya yake rubutawa, ya ce maɓalli kaza ba ya aiki, ya tafi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na ga wannan lambar ranar da na kunna akwatin, na ce ta isa, wa zai rubuta fiye da haka? Ni da aka haifa a nan, ni da ban taɓa shiga gidan kowa na faɗi abin da ya kawo ni kafin a tambayi gajiya da ruwa da iyali ba. Wata da watanni mutane na gaya mini damuwarsu, ina karanta sallamarsu ina tsaki.

Gyaran akwatin bai kai dafa shayi ba. Gyaran yanke takarda ya ci yammacin ranar. Abin da aka zubar kuwa ya tafi, babu inda zan same shi. Na jera saƙonnin Malam uku ina kallo. Na ƙarshen ya tsaya ne a kan, “Bayan haka, ɗana, ina mai”, daga nan babu komai.

Ranar Asabar da hantsi na hau babur zuwa Gazara. Na same shi a zaure kan tabarma, yana ɓarar masara a cikin kwando. Muka gaisa. Ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya tambayi hanya, ya tambayi mahaifiyata da ciwon ƙafarta. Ban taɓa jin gaisuwa ta yi mini nauyi kamar ta ranar ba, amma na zauna aka yi ta har ƙarshe. Sannan na gaya masa komai, ban rage ba.

Ya saurara yana ɓarar masararsa. Da na gama ya ce makarantar ta dawo musu da takardar, ta ce ba ta cika ba, ta ba su mako biyu su sake ɗorawa. Ya sake sau uku, duk a yanke. Ya hau keke ya je shago a Makarfi, su ma da shafina suke aiki, ta sake fitowa a yanke. Wa’adin ya cika, aka rufe.

“Malam, me ya hana ka faɗa mini a kasuwa? Ko ka aiko a kira ni?”

“Ai ka ce kada a tare ka a hanya,” ya ce. “Na ji saƙonka, kuma na ga gaskiyarka, mutane sun dame ka. In ni da na koyar da kai na fara karya maka doka, wa zai bi? Kuma na tambaye ka, ka ce ka gani. Na ɗauka aiki ne ya yi maka yawa. Mutum ya ba ka abu kyauta, ba za ka bi shi kana cewa bai yi ba.”

Na ce zan yi wa yarinyar bayani da bakina, in nemi gafararta.

Ya ajiye masarar. “A’a. Na riga na gaya mata ni ne ban iya ba. Na ce tsufa ne, hannuna ke rawa wajen ɗaukar hoton. Ta yi kukanta, ta yi fushi da ni kwana biyu, ya wuce. Ni ubanta ne, dole ta haƙura da ni. In ka ce kai ne, gobe duk garin nan an ji, a daina yarda da abin, su koma kai takardunsu inda ba su sani ba. Ka bar shi yadda na ajiye shi.”

“Malam, wannan ba adalci ba ne.”

“Ban tambaye ka ba,” ya ce, da muryar da yake tsawatar mana a aji.

Muna haka yarinyar ta yi sallama ta shigo da kwanon ruwa. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ajiye a gabana. Ban san ta girma haka ba. Na tambaye ta me take yi yanzu, ta ce tana taya wata mata aiki a shagon magani kafin baɗi, ƙawayenta biyu da suka cike fom tare sun riga sun tafi. Ta faɗe shi a hankali tana kallon tabarma. Sai ta ɗago ta yi ɗan murmushi.

“Yaya, baɗi in Allah ya kai mu wurinka zan kawo takarduna, kai za ka yi mini da hannunka. Baba ba zai sake taɓa mini waya ba, shi ya ɓata mini komai.”

Malam ya yi dariya, ya ce, “Ka ji ko? An sallame ni daga aiki.” Ya ɗauki masararsa, amma idonsa na kaina.

Na ce mata, “Allah ya kai mu.”

Ta ce amin, ta tashi ta koma cikin gida.