Malam Mele Mai Zayyana da Fuskokin Apollos

Godiya ta tabbata ga Allah, Wanda Ya halicci fuskoki bai maimaita ko ɗaya ba, Wanda Ya san abin da ƙiraza ke ɓoyewa tun harsuna ba su furta ba. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, wannan taƙaitaccen tarihi ne na Malam Mele, mutumin Bama, wanda ya ƙare rayuwarsa a unguwar Luggere ta Jimeta.

Mahaifinsa goni ne, kuma a hannunsa ya koyi rubutu da zayyana, wato adon da ake yi wa allon mai sauka. Da ya girma sai ya koma zana wa mata tsarin hula a kan yadi, su kuma su bi zanen da zare. Idan ya ɗauki alƙalami yakan cika wuri mai faɗin tafin hannu da layuka ɗari, babu wanda ya hau kan ɗan'uwansa. A Bama ba a tambayar wa ya fi shi, shi ma bai taɓa jin bukatar tambaya ba.

A shekarar dubu biyu da goma sha huɗu, da fitina ta ci garinsu, ya fito da iyalinsa a ƙafa, suka ratsa ta Kamaru har Allah Ya sauke su Jimeta. Alhaji Hamajoɗa, wani Bafulatani mai shaguna a Luggere, ya ba shi rabin wata rumfa. Ɗaya rabin an riga an ba Apollos, Kirista daga Michika, shi ma gudun ne ya kawo shi. Sana'arsa fentin alluna: kawunan samari ga masu aski, kifi da kwanon tuwo ga masu sayar da abinci.

A rumfar nan Malam Mele ya fara ɗanɗana abin da bai san ɗacinsa ba. Mai keke yakan rage gudu don fasinjojinsa su yi dariyar wani kai da Apollos ya jingina a bakin hanya. Aikin Malam Mele kuwa sai mutum ya shigo, ya duƙa, ya ƙura ido, kuma kaɗan ne suke shigowa.

"Malam," in ji Apollos wata rana, "wannan aiki naka sai mutum ya sa tabarau biyu kafin ya gani."

"Naka kuwa ko daga kan gada makaho zai gan shi," Malam Mele ya amsa. "Layi uku da ɗigo biyu, an gama mutum!"

Suka yi dariya tare, amma ta Apollos ce kaɗai ta kai ciki. Shekara tara suna raba inuwa ɗaya da tulun ruwa ɗaya. Apollos ne ya kai matar Malam Mele asibiti ranar da ciwo ya kayar da ita, Malam Mele ne ya tsare masa kaya watan da ya koma gida binne yayansa. Duk da haka, ba a taɓa yabon allon Apollos a gabansa ba face ya sami aikin da zai sunkuyar da kai a kansa.

Masu sana'ar hula da suka yi hijira sun kafa ƙungiya, Alhaji Hamajoɗa ne ubanta, Apollos ma yana ciki domin shi ke yi musu alluna da tambari. Da ƙura ta lafa wasu suka koma Maiduguri, wasu Mubi, wasu suka zauna Garwa. Sai Naziha, 'yar Alhaji, wadda ta karanci ilimin kwamfuta, ta haɗa musu wata manhaja ta aika saƙo da za ta yi aiki a kowace irin waya. Yawancin mata masu ɗinkin ba sa karanta boko, saboda haka da 'yan hotunan nan da ake kira imoji suke magana. Sai dai kowace waya da irin zanenta. Murmushin da aka aika daga Jimeta yakan isa Mubi a matsayin yaƙe, wata tsohuwar wayar ma akwati fanko take nunawa.

Naziha ta zo rumfa ta yi musu bayani. Ko dai a bar kowace waya da nata, ko a ɗauko waɗanda aka riga aka zana a ƙasashen waje, ko kuma a zana na ƙungiya, a dasa su cikin manhajar, kowa ya riƙa ganin abu ɗaya. Shugabanni sun zaɓi na ukun.

"Bappa Mele, kai da Baba Apollos kowa ya zana guda talatin," ta ce. "Ranar taro jama'a su zaɓa. Amma fa ƙanana za su koma, kamar ƙwayar wake."

"Ni za ki koya wa ƙaramin aiki, 'yata?" in ji shi.

Nan take ya ƙudura cewa ranar da ya yi shekara tara yana jira ce ta zo, ranar da za a ajiye aikinsa kusa da na maƙwabcinsa a gaban mutanen da suka san hula, a faɗi wanda ya fi. Ya jiƙa tawada mai launi huɗu, ya fere sabbin alƙaluma. Bai zana fuska ko ɗaya ba, domin gidan da ya tashi ba a suranta mai rai. Farin ciki ya yi shi da fure mai ganye takwas, ta'aziyya da ƙulli a cikin ƙulli, godiya da tauraro a kan saƙa. Kowanne ya kewaye shi da iyaka uku, kamar yadda aka koya masa, domin a wurin mai zayyana fili fanko abin kunya ne. Mako biyar yana wannan aiki. Apollos ya gama nasa a kwana huɗu, yana yi yana fito.

Wata safiya Apollos ya tafi sayen fenti, Malam Mele ya ɗaga kwalin da aka rufe zanen da shi. Ya ga fuskoki masu faɗi, wata da hula, wata da ɗankwali, wata tsohuwa ta riƙe haɓa. Ya tsinci kansa yana murmushi, kuma murmushin nan ya fi komai ƙona masa rai.

Da la'asar ya hau keke ya nufi Yola Gari, wurin Modibbo Tahir, malamin da yake ɗaukar fiƙihu a gabansa. Bayan gaisuwa ya ce, "Allah gafarta Modibbo, mene ne hukuncin Musulmi su riƙa aika wa juna surar fuska?"

Modibbo ya ce malamai sun yi saɓani, wasu sun tsananta, wasu sun sauƙaƙa a kan abin da ba shi da inuwa kuma ba cikakkiyar halitta ba. Sannan ya dube shi. "Shekara nawa kana zaune kusa da mai zanen kawuna?"

"Tara."

"Ban tuna ka taɓa kawo mini wannan mas'ala ba. Me ya same ta bana?"

Malam Mele ya yi sallama ya fito. A hanyar komawa ya ware maganar masu tsanantawa ya riƙe, ya bar sauran a zauren Modibbo. Ya san lissafinsa: kashi huɗu cikin biyar na ƙungiya Musulmi ne. In ya miƙe ya ce haramun, babu wanda zai ɗaga hannu ga Apollos, kuma daga ranar ba za a ƙara kallonsa a matsayin ɗan'uwan hijira ba, sai dai Kiristan da ya so ya jefa su cikin saɓo. Ya san wannan sarai, ya kuma ci gaba da tsara jumlolinsa.

Aka taru a harabar gidan Alhaji Hamajoɗa ranar Asabar da hantsi. Da aka baje takardun Malam Mele, mata suka yi ta salati, har wani dillali ya ce a ba shi ɗaya ya rataye a shago. Zuciyarsa ta yi fari. Sai Naziha ta ce ba a takarda za a yi hukunci ba. Ta karɓi wayar Ya Bintu, wata dattijuwa mai ɗinki wadda wayarta ta fi ta kowa ƙanƙanta, ta zuba zanen duka biyu a ciki, aka riƙa miƙawa hannu zuwa hannu.

Duk wanda ya kai kan na Apollos sai ya tuntsire. "Wallahi ga surukata nan!" in ji wata. Da Ya Bintu ta kai kan na Malam Mele sai ta hura fuskar wayar, ta goge da bakin zane.

"Naziha, datti ya shiga ciki."

"Ba datti ba ne, Ya Bintu, na Bappa Mele ne."

Alhaji Hamajoɗa, da yake akwai wasa tsakanin Fulani da Barebari, ya ce, "Kai Babarbare, tururuwa ka tara mana? Zo ka raba mana su, wanne ne barka, wanne ne ta'aziyya?"

Malam Mele ya miƙe, maganar haramcin tana kan harshensa a shirye. Ya karɓi wayar don ya fara nuna gwanintarsa tukuna. Ya matso da ita, ya nesanta ta, ya koma inuwa. Layukan nan ɗari duk sun narke cikin juna, sun zama ɗigon baƙi talatin. Ya nemi furensa mai ganye takwas, bai iya bambanta shi da ƙullin ta'aziyya ba. Apollos ya sunkuyar da kai yana kankare busasshen fenti daga farcensa.

Malam Mele ya daɗe a tsaye. Har yanzu hanyar nasara a buɗe take, kalma ɗaya ce. Amma ya kasa ɗora sunan Allah a kan aikin da idonsa ya shaida masa bai biya bukata ba.

"Nawa ba ya ganuwa," ya ce. "Ku ɗauki nasa."

Ya mayar da wayar, ya koma ya zauna.

Kada mai karatu ya zaci zuciyarsa ta wanke daga ranar. Ba ta wanke ba. Shekara biyu da suka rage masa, duk saƙon da ya shigo sai ya leƙa ɗaya rabin rumfar ya ce, "Apollos, kunnen wannan ya karkace," ko "Wace mace ce take ɗaura ɗankwali haka?" Apollos yakan ce, "To, Malam, za a gyara," ba ya kuwa gyarawa. Malam Mele bai taɓa aika fuska ko ɗaya ba har ya koma ga Allah. Sai dai malamai sun ce hassadar da mutum ya danne a ƙirjinsa, bai bar ta ta fito ta harshe ko hannu ta cutar ba, ana fatan ba za a kama shi da ita ba. Ranar jana'izarsa Apollos ya tsaya a bayan sahu har aka gama, sannan ya bi mutane maƙabarta da ƙafa.

Ya Allah, Ka gafarta wa bawanka Mele abin da ya ɗauka a zuci, Ka saka masa da abin da ya riƙe a baki, Ka yalwata masa makwanci, Ka lulluɓe shi da rahamarka. Amin.