Ranar da Na Kwashe Kujerun Makoki a Hor Al Anz

A lokacin ni ne mai kula da wani bene a unguwar Hor Al Anz, can ƙasar Larabawa, ɗan Kano, matsoraci na ƙin ƙarawa, domin bizata tana hannun kamfanin da ke da benen. Kafin manaja ya rufe baki na ce to.

A hawa na biyu akwai wani dattijo ɗan Siriya, makanike ne a unguwar Ras Al Khor, yaƙi ya koro shi da iyalinsa. Wata Talata aka bugo masa waya cewa mahaifiyarsa ta rasu can gida, kuma babu halin zuwa jana'iza. Da la'asar sai ga 'yan ƙasarsa sun jera kujerun roba a ƙofar bene, ana zagawa da gahawa mai ɗaci a 'yan kofuna, ƙaramar sifika tana karatun Alƙur'ani ƙasa-ƙasa. Wani ɗan haya ya kai ƙara, manaja ya kira ni ya ce khalas, wato ya isa haka, in kwashe kujerun. Wallahi ni da hannuna na zare wayar sifikar ana tsakiyar aya, na hau ɗora kujeru kan juna. Dattijon bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi bai samu ɗaukar gawarta ba, ashe zaman ma ba za a bar masa ba. Sannan ya tambaye ni ko a garinmu ba a mutuwa.

Ni da aka toshe layinmu kaf da tabarmi ranar da babana ya rasu. Ko abinci kasa ci na yi. Washegari na fito da kujerun da kaina, na mayar da wayar sifikar, na kira 'yan Kano masu harkar kago, wato aika kaya gida, a unguwar Port Saeed, muka zauna aka miƙo mana gahawa. Manaja ya zo ya tarar da ni a zaune, ya ce in tashi, na ce sai an shafa Fatiha. Ƙarshen wata aka sallame ni.

Masu cewa na yi wauta su yi ta faɗa, ko gobe haka zan yi. Amma ku da ke aiki a ƙasar mutane, in an aike ku rufe bakin wanda ba shi da gidan komawa, ku tsaya ku ji abin da yake yi wa kuka tukuna. Aiki dai na samu wani. Ranar farko ta makokin mahaifiyarsa kuwa ni na cinye masa, kuma babu inda zan samo masa wata.