Muryar da Na Ara Miki, Yaya Yakura

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, 12 ga watan Yuni 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran yayata, Malama Yakura Manzo, a asibiti a Damagaram. Muka kawo ta Gure aka yi mata sutura bayan la'asar. Ni Mairamu ce, ƙanwarta, kuma da ita nake magana.

Yaya, shekara ashirin da biyu kina koyarwa a lakwal, makarantar boko. Idan yaro ya yi fashin kwana uku, sai ki taka har kwarin lambu, ki zauna gindin dabino ki yi ta yi wa ubansa magana mai daɗi har kunya ta kama shi. Matan unguwa kuwa, kowace takarda ta zo musu, ta asibiti ko ta ɗa da ke Libiya, ke ce mai karanta musu, kuma ba a taɓa jin sirrin kowa a bakinki ba.

Sai ga wannan ciwo da lokotoro ya kira sikileroz, mai cin jijiyoyi a hankali. Ya fara da ƙafafu, daga baya ya hau harshe. Da yake lokotoron a Yamai yake, tafiyar kwana biyu, sai ya sa miki wata manhaja a waya. Kowace Litinin ki karanta mata layi biyar, ki ja numfashi ki yi "aaa" iya ƙarfinki. Ita kuma ta auna nauyin harshe da tsawon numfashi ta aika masa, don ya san lokacin canza magani.

Wata Litinin kika karanta sau uku, harshen yana sarƙewa. Kika miƙo min wayar kika ce, "Mairamu, karanta min. Shekara nawa ina gyara wa yara karatu, yau waya ce za ta kayar da ni?" Na ce, "Haba Yaya, ai ba jarrabawa ba ce." Kika dai dube ni. Tun muna yara ban taɓa yi miki musu ba, kuma muryarmu ɗaya, ko Inna ba ta rabe mu in muna bayan danga. Na karanta.

Sati tara ina karantawa. Lokotoro ya aiko saƙo yana murna, wai a ci gaba da maganin yadda yake. Ni kuwa ina kallon kunu yana sarƙe ki, ruwa ma sai da cokali. Wallahi kowace Litinin nakan ƙudura cewa yau zan ƙi, sai in ga idonki, in karɓi wayar. Daga ƙarshe abin da kike haɗiya ya riƙa sauka cikin huhu, zazzaɓi ya rufe ki, muka kwasa sai Damagaram.

A can na kira lokotoron na faɗa masa gaskiya. Ya ce ko da ya sani, ba lalle ne a samu maganin da ya fi wannan ba. Har yau ban san ko gaskiya ya faɗa ko tausayina ya ji ba, kuma ba ni da wanda zan tambaya.

Ranar addu'ar uku, 'yarki Lailatu da ke aure a Bune ta ɗauki wayarki tana neman muryarki. Ta kunna karatun Litinin ta ƙarshe, ta kara a kunne, ta fashe da kuka. Ta ce, "Goggo, ji Mama! Ashe har ƙarshe muryarta garau take." Na rungume ta, na bar ta a kan haka.

Allah ya jiƙanki, Yaya, ya sa wahalar da kika sha ta zama kaffara, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ina yi wa mijinki Malam Fannami ta'aziyya, da ɗalibanki, da dangi na Gure da Alakos. Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Ke kuma Lailatu, 'yata, na rubuta ne don bakina ya kasa. Muryar da kike kunnawa kina kuka tawa ce. Ta mahaifiyarki tana can baya, a karatun watan Maris, tana sarƙewa tana sake farawa. Ita za ki nema. Ki yafe min.