Tantin da Na Bari a Bayan Mota

Assalamu alaikum. A yi min afuwa idan Hausata ta yi tuntuɓe, a Makka aka haife ni, kuma ta cikin gida ce kawai na iya. Lokacin da abin da zan faɗa ya faru ina da shekara ashirin da bakwai, ban yi aure ba, ina aiki a wani shagon gyaran waya a unguwar Kudai, idan Hajji ya zo kuma in tafi Mina rakiyar alhazai. Saurayi ne ni mai ji da ƙarfi, ga iyayi, irin wanda idan ya ga abu sau ɗaya a waya sai ya ɗauka ya fi kowa saninsa. A Nakkasa na tashi, unguwar da ko burodi aka aike ka sai ka hau tudu ka sauko, don haka hawan dutse bai taɓa ba ni tsoro ba. Da aka rushe ɓangarenmu muka koma gidan haya a Kudai, sai na ji kamar an kulle ni a akwati. Abin da ya ja ni ke nan cikin samarin da ke zuwa duwatsun wajen Ɗa'ifa, a goya jaka, a yi tafiyar yini a ƙafa, a kwana a sama, washegari a sauko.

A cikinsu ne na kamu da wata cuta, cutar rage nauyin kaya. Komai sai na ɗora a kan sikelin da Umma ke auna yaji, har mariƙin buroshin haƙori na yanke don jaka ta yi sauƙi. Sannan na gano buhun kwana. Wani siririn buhu ne na yadin da ruwa ba ya ratsawa, tsawon mutum ɗaya, ka shiga ciki da abin rufarka ka ja zif, a bar maka 'yar raga a saitin fuska. Idan aka naɗe shi bai wuce gorar ruwa ba. Tun da na saye shi na raina tanti da masu ɗaukarsa. Ina ce musu ni da nake yini cikin tantunan Mina kowace shekara, ba zan goya wani a bayana in hau dutse da shi ba. Ranar da Umma ta gan ni ina gwada shi a tsakar falo ta yi salati, ta ce in fito daga wannan abu mai kama da likkafani. Dariya na yi mata.

Ina da wa guda ɗaya, shekara bakwai ya ba ni, tela ne, yana da mata da 'ya mace ɗaya. Da ciwon sikila aka haife shi. Duk wanda ya zauna da mai wannan ciwo ya san sanyi da jiƙewa da gajiya su ne manyan abokan gabarsa. Amma Yaya yana da wani hali da ya fi ciwon wahalar da mu: ba ya taɓa cewa yana jin zafi. Ko ƙasusuwansa na tsagewa, ka tambaye shi, amsarsa ɗaya ce, alhamdulillahi. Saboda haka a gidanmu ba a tambayarsa, kallonsa ake yi. Idan ya yi shiru ya fara murza ƙwaurinsa da babban yatsa, leɓensa ya bushe, to an san abin ya taso, sai a ɗora ruwan zafi. Tun ina ƙarami na san wannan kamar yadda na san sunana.

Ya yi kusan shekara biyu ciwon bai kwantar da shi ba, sai ya fara kallon hotunan da nake dawowa da su. Wata rana ya ce min shi ma yana so, ko sau ɗaya a rayuwarsa, ya ga gajimare a ƙarƙashin ƙafarsa. Umma ta ce sam. Matarsa ce ta shawo kanta, domin ta ga yadda abin ya shiga ransa, amma ta kafa min sharuɗɗa. Kada mu yi nisa, kada in bar shi da ƙishirwa, kuma lallai a tanti za mu kwana, ni da shi wuri ɗaya, inda idona zai kasance a kansa. Ta aro tanti wurin ƙanenta, da yake igiyar jakar ta ɓace sai ta ɗaure shi tam da wani ƙyallen atamfa. Da ta miƙo min ta ce duk abin da zai buƙata ta naɗe a ciki, ta kuma ce amana ce ta ba ni. Na ce ba komai, idona yana kan waya. Abin da ba ta sani ba, tun kwana biyu kafin nan na aro buhun kwana na biyu wurin wani abokina.

Mun ajiye mota a gindin dutsen da hantsi, sama fes, ko ɗigon gajimare babu. Na ɗaga tantin nan na ji shi kamar buhun shinkafa. Nan na fara zuba wa Yaya ilimi, cewa Turawa masu hawan manyan duwatsu sun daina yayin tanti, cewa buhun ya fi riƙe ɗumi, cewa nauyin zai rage mana sauri har dare ya riske mu a hanya. Ya ce ai ya yi wa matarsa alkawari. Sai na tsokane shi, na ce ashe duk shekarun nan mijin-ta-ce muke da shi a gida ba mu sani ba. Ya yi dariya, ya kai min duka a kafaɗa, ya ce yalla mu tafi, ni ne malamin dutse. Na mayar da tantin bayan mota na rufe. Har yau ina jin ƙarar wannan rufewar.

Ba zan ɓoye ba, yinin ya yi daɗi. A hankali muka hau, muna hutawa, yana shan ruwa, yana yi wa birai magana kamar tsoffin abokansa. Da la'asar sakaliya muka kai inda nake so, kuma Allah ya nuna masa abin da ya zo nema, gajimare ya taru a kwarin da ke ƙasanmu, rana tana faɗuwa a kansa. Ya tsaya ya yi ta tasbihi. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Amma muna idar da magariba sai gajimaren nan ya hauro ya rufe mu, iska ta taso, yayyafi ya biyo baya. Na yi ta fama da ɗan risho in dafa shayi, iska tana kashewa, har na haƙura. Babu inda za mu zauna mu fake tare, babu inda zai canza rigar da ta fara jiƙa. Wurin kuma duk duwatsu ne, sai da na samo masa wani lungu mai ɗan laushi, ni kuma na kwanta can gefe, kamar taku goma tsakaninmu. Kowa ya shige buhunsa. Na ɗaga murya na tambaye shi ko lafiya yake, ya ce alhamdulillahi. Ni da na san wannan ba amsa ba ce a bakinsa, na karɓe ta, domin fitowa cikin ruwan nan in leƙa fuskarsa ya yi min wuya. Na ja zif na yi barci.

Abin da masu tallar buhun nan ba su cika faɗa ba, kuma ni ma na sani na yi biris, shi ne idan ka rufe shi ruf saboda ruwa, tururin numfashinka da gumin jikinka ba su da mafita. Sai su zama raɓa a ciki su jiƙa ka. Mai lafiya zai tashi ya yi tsaki ya shanya kayansa. Da asuba na farka a jiƙe, na yi tsakin, na kira Yaya mu yi salla. Shiru. Na sake kira, sai na ji wani irin nishi ƙasa-ƙasa. Na je na buɗe zif ɗinsa. Ya duƙunƙune, kayansa sharkaf, jikinsa na karkarwa, ya cusa hannun rigarsa a baki ya cije don kada ya yi ihu. Da ƙyar ya iya gaya min cewa tun tsakar dare abin ya fara, ya kira ni sau biyu iska ta haɗiye muryarsa, sai ya ce bari ya bar ni in huta. Ya ce ƙirjinsa ne, kamar an ɗora masa dutse.

Waya ba sabis. Ya yi ƙoƙarin tashi ya zube. Na bar jakunkuna da buhunan da komai a wurin, na goya shi. Ni da na ƙi ɗaukar tanti, na sauko da mutum a bayana. Ban san awa nawa muka yi ba, na dai san ina tafe ina kuka, ina jin numfashinsa a wuyana yana gajarta, shi kuma yana ce min in bi a hankali kada in zame. Wani dattijo mai kiwon zuma ne ya gan mu tun kafin mu kai inda motarmu take, ya saka mu a akori-kurarsa ya kai mu asibiti. Bai tambaye ni komai ba, sai dai ya cire mayafinsa ya lulluɓe Yaya.

Likitoci suka ce ciwon ya kama huhunsa. Aka yi ta ƙara masa jini, ya yi kwanaki a ɗakin da ba a barin kowa ya shiga sai ta gilashi. Umma ta rame a cikin mako guda. Ranar da ya fara magana sosai, Umma da matarsa suna gefen gado, sai na ji yana ba su labari cewa mun kafa tanti da kyau, iska ce ta yage shi cikin dare ruwa ya shigo, kuma ba don ƙanensa ba da a can zai mutu. Yana faɗa yana kallona, kallon da ke cewa in rufe bakina. Na rufe. Ba don biyayya ba, don tsoro.

Ƙanen matarsa ne ya je da makulli ya ɗauko motar da muka bari a gindin dutse. Washegari na dawo daga asibiti da azahar, Umma tana can wurin Yaya, na tarar da tantin a tsakar falo, ƙyallen atamfar nan yana nan yadda aka ƙulla shi. Matar Yaya tana zaune a gabansa. Ta ce in zauna. Ta sa haƙori ta kwance ƙullin, domin ya ɗauru sosai, ta warware tantin, ta fara fito da abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya tana jerawa a gabana: bargo mai kauri, safa biyu na ulu, busasshiyar riga, da robar ruwan zafin da take ɗora masa a ƙafa idan ciwo ya taso. Ba ta ɗaga murya ba. Na so a ce ta mare ni. Abin da ta faɗa kawai shi ne ba za ta gaya wa Umma ba, tunda mijinta ya zaɓi ya rufa min asiri ba ita za ta tona ba. Sannan ta tashi ta zubo min abinci. Tun daga ranar tana gaishe ni, tana ba ni haƙƙina na ƙanen miji, amma ko shagon bakin layi ba ta ƙara barin 'yarta ta bi ni ba.

Yaya ya fita daga asibiti, amma bai dawo yadda yake ba. Hawa bene ɗaya sai ya tsaya sau biyu, daga baya ƙugunsa ma ya fara ba shi matsala. Likita ya ce ba za a ɗora komai a kan dare ɗaya ba, ciwon yana da nasa tafiyar. Na ji, amma zuciyata ba ta karɓa ba. Yanzu idan zai yi ɗawafi a keken guragu yake yi, ni nake tura shi. Bai taɓa tayar da maganar ba. Abin da ya fi ci min rai, hoton faɗuwar ranar nan shi ne a fuskar wayarsa, yana nuna wa masu kawo ɗinki yana cewa wannan ce rana mafi daɗi a rayuwarsa.

Ban rubuto don in zagi buhun kwana ba. Abu ne da aka yi don mutum ɗaya, mai lafiya, wanda idan ya yi kuskure shi kaɗai zai ɗanɗana. Laifina shi ne na auna kayan tafiyar da ƙarfin jikina, alhali ba jikina ne ke cikin haɗari ba. Na ɗauka aikin tanti tare ruwa ne kawai, ban gane cewa shi ne wurin da za ka zauna da ɗan'uwanka ka ga fuskarsa ba. 'Yan'uwana matasa masu wannan sha'awa, idan za ku tafi da wani, ku shirya kaya daidai da mafi rauni a cikinku. Idan mai jinyar mutum ta kafa muku sharaɗi, ta fi ku saninsa, kada ku mayar da shi abin tsokana. Idan aka miƙo muku ƙunshi aka ce amana ne, ku ajiye waya ku saurara.

Har yau idan baƙi suka zo gidanmu, Umma takan nuna ni ta ce ga wanda ya goyo ɗan'uwansa daga kan dutse, ta ɗaga hannu ta yi ta sa min albarka. Kowa ya ce amin. Matar Yaya ma tana cewa amin, idonta a kan tiren shayi. Ni ne kaɗai a ɗakin da ba ya iya cewa amin.